Kunnen da Ba Ya Barin Sawu: Gajeren Zango, Intanet da Mai Sauraren Hausa

Akwai wata jimla da duk wanda ya tashi a gidan da ake kama tashoshin ƙetare ya haddace ba tare da an koya masa ba. Mai gabatar da shiri zai yi sallama, ya ce ƙarfe shida da rabi ke nan agogon Najeriya da Nijar, wato biyar da rabi agogon GMT da Ghana, sannan ya lissafo mitocin da za a same shi a kansu. Kunne ya saba da ita har ba ya tsayawa ya duba abin da take ɗauke da shi. In aka sa ta a faifai, sai a ga taswira ce. Tana nufin cewa a wannan daƙiƙa akwai manomi a Dakwaro, da mahauci a zangon Kumasi, da direban babbar mota a Garwa, da mai shayi a Fagge, duk sun karkata kunne wuri guda. Mai magana ya san da zamansu, ko da yake bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba shi kuma da hanyar da zai ƙirga su. A kan wannan rashin ƙirguwa ne maganar wannan maƙala za ta tsaya, domin shi ne babban alherin gajeren zango, kuma shi ne igiyar da ake rataye shi da ita.

Ranar 1 ga Yuli, 2001, BBC ta daina aika shirye-shiryenta ta gajeren zango zuwa Arewacin Amurka da Ostireliya, tana mai cewa masu sauraro a can sun koma tashoshin FM da intanet. Tun daga lokacin manyan gidajen rediyon duniya suke bin wannan sawu, kowa da ranarsa. Jamus ta rufe tashar Deutsche Welle da ke Kigali a 2015, bayan ta yi shekara hamsin tana harba murya zuwa sassan Afirka. Rediyon Ostireliya ya kashe na'urorinsa na gajeren zango a ƙarshen Janairun 2017. A Janairun 2023 rediyon sashen Larabci na BBC ya yi bankwana bayan shekara 85. Hujjar ba ta canzawa: na'urorin sun tsufa, suna shan wuta, matasa ba sa sayen akwatin rediyo, duniya ta koma cikin waya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma wanda ya yi watsi da ita don kawai yana begen ƙuruciyarsa bai yi wa gaskiya adalci ba. Abin tambaya shi ne ko ma'aunin da aka auna mai sauraro na Toronto da shi zai iya auna na Ɗansadau.

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san yadda abin yake aiki, domin duk gardamar tana cikin hanyar da murya ke bi. Zangon FM yana tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila; inda ƙasa ta lanƙwasa ko dutse ya tare, nan ya tsaya, shi ya sa tashar FM ba ta cika wuce 'yan gomomin kilomita ba. Gajeren zango kuwa, wanda ke tsakanin megahaz 3 zuwa 30, sama ake harba shi. Can a nisan kilomita ɗaruruwa akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, masana suna kiransa ayonosfiya, shi ke tanƙwaro saƙon ya dawo da shi ƙasa a wata nahiya. Haka muryar da ta tashi daga tsibirin Ascension, wani ɗan tsibiri a tsakiyar tekun Atilantika inda BBC ta kafa tasha a 1966, take faɗowa a tsakar gida a Kano, tazarar fiye da kilomita 3,000, ba tare da ta nemi izinin kowa a hanya ba. Da yake rufin nan yana sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta, mitocin da ke aiki da rana daban, na dare daban. Wannan ne dalilin da ya sa tsoho mai rediyo ya san cewa da rana a mita 16 ko 19 zai nemi tasha, da dare kuma ya gangaro 41 ko 49. Bai karanta kimiyyar sararin samaniya ba, amma yatsunsa sun san ta.

Intanet kuwa sarƙa ce. Murya za ta tashi daga ɗakin watsa shiri ta shiga rumbun kwamfuta, ta bi wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ta fito a Legas, ta bi wata wayar da aka binne a gefen titi, ta hau ƙarfen sabis mai jiran gas a janaretonsa, sannan ta sauko cikin wayar hannu, wadda ita ma take jiran caji da data. Kowace gaɓa tana da mai ita, kuma kowane mai gaɓa yana iya cewa a'a. A nan tarihi ya yi wata irin juyawa mai ban mamaki. Rediyon farko da Kanawa suka sani, wanda Turawan mulki suka kawo a 1944, na waya ne: akwati ne da ake maƙalawa a bango ko a dandali, a ja masa waya daga ofishi, ya faɗi abin da ofishin ya ga dama. Zuwan ƙaramar rediyo mai batir shi ya tsinke wannan waya, ya ba talaka allurar da zai murɗa da kansa. Yanzu an sake ɗaura wayar, sai dai ba a ganinta.

A tsakanin waɗannan zamuna biyu ne Hausa ta zama harshen sararin samaniya. Ranar 13 ga Maris, 1957, Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin minti 15 na farko daga Landan. Jamus da Sin suka buɗe sassan Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Mosko da Alƙahira da Tehran su ma sun yi magana da Bahaushe da harshensa. A gida kuma Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya riƙa isa ko'ina a mita 49. Akwai kuma wani dalili na doka da ya sa gajeren zango ya yi tsawon rai a Najeriya fiye da maƙwabtanta. A watan Afrilun 2004 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa ta hana tashoshin cikin gida jona labaran gidajen rediyon waje kai tsaye. A lokacin, mutumin Maraɗi ko Damagaram yana iya jin Landan garau a tashar FM ta garinsu, ɗan'uwansa na Katsina kuwa sai ya zare eriya.

Tambayar farko da ya kamata a yi wa masu cewa a koma intanet ita ce: wa zai biya? Na'urar gajeren zango mai ƙarfin kilowat 250 kuɗin wutarta ɗaya ne, ko mutum goma ne ke sauraro ko miliyan goma. Nauyin yana wuyan mai magana. Mai sauraro ya sayi rediyonsa sau ɗaya, irin ƙananan nan na Sin da ke cike da kasuwanni, sai batir biyu da za su kai shi makonni. A intanet lissafin ya juye. Sauti mai matsakaicin kyau, na kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin megabait kusan 29 a awa guda. Wanda ya saba sauraron awa biyu a rana zai ƙona fiye da gigabait ɗaya da rabi a wata, a ƙasar da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan farashinsu a Janairun 2025. Ga kuɗin wayar kanta, ga na mai caji a bakin kasuwa. Saboda haka idan gidan rediyo ya ce ya rage kashe kuɗi ta hanyar rufe tasha, gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Kuɗin bai ɓace ba. An sauke shi ne daga kan baitulmalin ƙasa mai arziki, an ɗora wa mutumin da ke auna gero da tiya.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: wa zai iya kashewa? A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, don a datse wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce na mako biyu ne, amma a wurare da dama sai da ya haura wata biyu, ya kuma bazu zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. An yi irin wannan a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci. Ba a nan za a yi shari'ar ko matakin ya yi amfani ba. Abin lura shi ne, a ranakun da mutumin karkara ya fi buƙatar ya san abin da ke faruwa a kansa, a ranakun ne wayarsa ta zama madubi, kuma abin da ya rage masa shi ne akwatin nan da ake cewa ya tsufa. Ba sai gwamnati ta sa hannu ba ma. A tsakiyar Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu na kwanaki.

Idan kuma hukuma ce ta yi fushi da mai magana, bambancin ya fi fitowa fili. Najeriya ta rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021 da umarni guda. Sojojin da suka karɓi mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, sun dakatar da RFI cikin 'yan kwanaki, sannan a Disambar 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. Irin wannan umarni yana isa ga tashar FM da ke Yamai, domin tana da ƙofa, tana da lasisi, tana da manajan da za a iya kira. Ba ya isa tsibirin da ke tsakiyar teku. Toshe gajeren zango sai an kafa wasu na'urorin masu ƙarfi da za su riƙa cusa hayaniya dare da rana, aikin da Tarayyar Sobiyet ta shafe shekaru tana yi da ɗimbin dukiya kafin ta haƙura a 1988. 'Yan Najeriya da suka yi wayo a zamanin Abacha za su tuna da Rediyo Kudirat, wanda 'yan adawa suka riƙa watsawa daga ƙasashen waje tun 1996, gwamnati tana ji tana gani. Su kansu masu rufe tashoshin sun san haka. A Maris na 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukiren, BBC ta dawo da awa huɗu na gajeren zango a kowace rana zuwa yankin. A Mayun 2023, wata uku kacal bayan ta rufe rediyonta na Larabci, sai ga ta tana buɗe shirin gaggawa ga mutanen Sudan, a kan gajeren zangon da ta ce kwanansa ya ƙare. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

To, in haka ne, me ya sa hujjar rufewa take cin nasara a kowane zaman kasafin kuɗi? Amsar tana cikin ƙirge. Wanda ya latsa labari a waya ya bar sawu: an san garinsa, an san irin wayarsa, an san daƙiƙa nawa ya tsaya. Da gari ya waye edita zai ga adadin a allonsa, ya kai wa shugabanninsa, su kuma su kai wa majalisar da ke ba da kuɗi. Mai gajeren zango kuwa kamar mai shan inuwa ne, bishiya ba ta san ya zauna ba. Ba a gane shi sai an tura masu bincike gida-gida da takarda, kuma masu binciken ba sa shiga dajin da sojoji ma ke shiga da shiri. Ke nan mutumin da ya fi dogara da rediyo shi ne wanda ƙirge ya fi tsallakewa: makiyayi a ruga, matar da ke cikin gida ba ta da waya tata ta kanta, ɗan gudun hijira, tsohon da ya iya ajami bai iya boko ba. Rashin sawun nan kariya ce gare shi, domin babu jami'in da zai iya buɗe wani kundi ya ga abin da ya saurara jiya da dare. Amma a teburin da ake raba kuɗi, wanda ba a gani ba shi da kaso. Ana auna hanyoyin biyu da mudun da ɗaya daga cikinsu ce ta ƙera shi, sannan a yi mamakin yadda kullum ita ke rinjaye.

Ga ɗalibin adabi, wurin da wannan al'amari ya fi daɗin dubawa shi ne cikin harshen kansa, domin kowace hanya tana haifar da irin zubinta. Gajeren zango yana shuuu, yana ɗaukewa yana dawowa kamar numfashin mai barci. Waɗanda suka yi aiki a kansa sun koyi rubuta jimlar da za ta rayu ko da iska ta cinye sulusinta. Sukan sa sunan wuri a gaba, su faɗi wanda ya yi magana, su sake faɗarsa a tsakiya, su guji jimla mai rassa da yawa. Sukan ba da kanun labarai a farko, su maimaita su a ƙarshe saboda wanda tashar ta kuɓuce masa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Ita ce ta sanƙira mai shela a kasuwa, wanda ya san rabin jama'a suna ciniki, ita ce kuma hikimar amshi a waƙar baka: abin da ake so ya zauna, sai a dawo da shi. Rediyo ya tarar da kunnen da aka riga aka horar, ya yi magana da shi yadda ya saba.

Daga wannan tilas ne aka samu wata Hausa ta tsakiya. Mai fassara a Landan ko Kolon ya san cewa jimlarsa za ta faɗa kunnen Basakkwace da Bakano da Ba'adare a lokaci guda, ta faɗa kunnen wanda ke cewa lakwal da jandarma da na wanda bai taɓa jin su ba. Dole ya nemo kalmar da za ta ƙetare iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da yaƙin cacar baka, da tsagaita wuta, da ɗumamar yanayi, rediyo ne ya yi ta nanata su har suka zama na kowa. Dubi ƙunar baƙin wake, tsohuwar magana daga labarin gargajiya, yadda aka ɗauko ta aka ɗora wa sabon bala'i, ta zauna daram kamar don shi aka yi ta. Wannan aikin adabi ne, ko da yake masu yin sa suna kallon agogo ne, ba su ɗauki kansu marubuta ba.

Kanun labari na intanet kuwa wata dabba ce daban, kuma bambancin ya samo asali daga ƙirgen da aka ambata. Kanun rediyo yana zubar da ƙwayar labarin tun a jimlar farko, saboda ba shi da tabbas za a ji ta biyu. Kanun intanet yana ɓoye ƙwayar, saboda latsawa ake ƙirgawa, kuma wanda ya ƙoshi daga bakin ƙofa ba ya shiga ɗaki. Shi ya sa shafukan Hausa suka cika da abubuwa biyar da ya kamata ku sani, da kalli yadda aka yi kaza, da tambayoyin da amsarsu kalma ɗaya ce amma sai an bi sakin layi shida. Sau da yawa ma ƙashin jimlar na Ingilishi ne, an dai yafa masa rigar Hausa, domin wanda ke fassara don ido ba ya jin tuntuɓen da harshe zai yi in an karanta a bayyane. Makirufo alƙali ne mai tsanani. Jimlar da ba ta faɗuwa a baki ba ta wuce shi. Allon waya kuwa yana karɓar kome.

Haka nan tsarin shirin kansa. Rabin awa na rediyo ƙwarya ce guda da aka haɗa: wanda ke jiran labarin wasanni sai ya bi ta kan Zirin Gaza da zaɓen Chadi da farashin man fetur kafin ya isa. Wannan ne ya samar da mutumin da baƙi ke mamakinsa, mai facin taya da bai gama firamare ba amma yana iya warware maka rikicin Gabas ta Tsakiya. Kuma ba shi kaɗai ya ji ba. An ajiye rediyo a kan benci a majalisa, ko a tsakiyar fada ana dafa shayi, kowa ya ji abu guda, gardama ta tashi a kan tushe guda. A waya kuwa na'ura ce ke lissafa abin da mutum ya saba tsayawa a kai, ta ƙaro masa irinsa. Mutum goma a benci ɗaya, kowa da abin da aka zuba masa a kunne. A cikin wannan rarrabuwa ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ba shi da suna ba shi da kwanan wata, yake yawo da rigar labari, wani lokaci ma da tambarin wata sananniyar tasha da aka sato aka manna masa. Satar tambari aikin minti biyu ne. Satar mita 19 da ƙarfe uku na rana sai wanda ya mallaki tasha.

Duk da haka, wanda zai yi wa gajeren zango kirari ya yi da sauƙi. Waɗannan tashoshi ba don Allah aka kafa su ba. Kowace gwamnati ta buɗe sashen Hausa ne don tana da abin da take so Bahaushe ya yarda da shi, kuma yawancinsu 'ya'yan yaƙin cacar baka ne. Magana ce mai tafiya ta fuska ɗaya. Mai sauraro ya rubuta wasiƙa ta yi makonni a hanya, wani ya zaɓi wadda za a karanta a Amsoshin Takardunku, sauran su tafi kwando. Abin da aka faɗa kuma ya bi iska. Duk mai nazarin da ya taɓa neman faifan wasannin kwaikwayon rediyo na shekarun 1970 ya san irin asarar da aka yi. Intanet ya kawo rumbu, ya sa ana iya komawa a ce ga abin da wane ya faɗa ranar kaza. Ya sa miliyoyin mutane suna karanta Hausa a rubuce kowace rana, abin da jaridun takarda ba su taɓa kaiwa gare shi ba. Gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, wadda aka fara a 2016, da wuya ta yi irin wannan yaɗuwa ba tare da shi ba. Bahaushen Jidda ko na Landan, wanda ba a saita eriya wajensa ba, yanzu yana jin shirin garau. A cikin birane ma gajeren zango yana shaƙewa, domin ƙwayayen fitila na zamani da cajojin waya masu araha da injinan sola suna zuba masa ƙara. Wayoyin hannu da yawa suna zuwa da FM, ba sa zuwa da shi. Yaron da aka haifa a Kano bayan 2010 yana iya girma bai taɓa murɗa allura ba, kuma babu wa'azin da zai sa ya fara.

Saboda haka mazaunin birni mai wuta da data ya riga ya yi zaɓinsa, kuma zaɓin ya dace da shi. Kuskuren yana wurin ɗaukar zaɓinsa a mayar da shi hukunci a kan wanda ba a tambaya ba. Hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne sai a takardar kasafi. Ɗaya ta fi kyau a ranar lafiya, ɗaya kuma ita kaɗai ke aiki a ranar da sarƙa ta tsinke, kuma ba a gina rijiya ranar da gobara ta tashi. Tashar da aka rufe aka sayar da filinta, aka sallami injiniyoyinta, ba ta dawowa da sanarwa guda. Mitocin da aka saki kuma wani ke hawa, kamar yadda rediyon Sin ya hau wasu daga cikin waɗanda Ostireliya ta bari a yankin Fasifik.

Sai dai akwai darasin da ya fi duk waɗannan ɗaci, kuma bai bar wa masoya gajeren zango wurin fakewa ba. A tsakiyar Maris na 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan wani umarni, washegari aka tura ma'aikatan Muryar Amurka fiye da dubu hutun dole. Masu sauraren sashen Hausa suka buɗe rediyo a lokacin da suka saba, suka tarar da kiɗa. Kamfanin dillancin labaran Faransa ya ruwaito cewa wasu sun yi ta tambaya ko juyin mulki aka yi a Amurka. Tambayar ba ta wauta ba ce. Karatu ne na mutanen da tarihi ya koya musu ma'anar kiɗa a lokacin labarai. A ranar, shafin intanet da na'urar gajeren zango tare suka yi shiru. Ayonosfiya tana kare murya daga mai son tare ta a hanya, amma ba ta da abin yi idan mai muryar ne ya rufe bakinsa. Shekara 46 ana magana da mutane, aka yanke ba ko sallama, domin ba su ne ke zaɓen wanda ke biyan kuɗin ba.

Wannan ya dawo da tambayar gida. Al'ummar da ke da masu magana da harshenta miliyoyi da dama a ƙasashe fiye da biyar, ta bar hanyar da ta fi isa ga talakanta a hannun majalisun Landan da Washintan da Balin. An ba da lasisin FM birjik, har Kano kaɗai tana da tashoshi fiye da yadda mutum zai iya bi, amma duk sun taru a birane inda masu talla suke, suna ƙirga kunnuwan da ke da kuɗin saye. Najeriya ta ƙaddamar da babbar tashar gajeren zango ta Muryar Najeriya a Lugbe kusa da Abuja a 2012, da na'urori na zamani, sai dai aikinta shi ne ta yi magana da duniya. Wanda aka gina don ya yi magana da makiyayin Mambila da masuncin Tafkin Chadi da manomin Illela a lokaci guda shi ne Rediyon Kaduna, gidan Jakar Magori da Samanja, kuma muryarsa a kilohaz 6090 ta daɗe tana ɗaukewa tana dawowa. Jihohin da suka gaji Jihar Arewa goma sha tara ne, kowace tana da gidan rediyonta da kasafinta, kuma kowace muryarta tana ƙarewa kafin ta kai dazukan da ke kan iyakarta da maƙwabciya, inda ƙarfen sabis ya fi saurin mutuwa.